Rantsuwa da Gurasa a Bakin Teku

Kubat yana tsugune a tashar motar Pune, a ƙasar Indiya, yana ɗaure igiyar takalminsa sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar ƙasarsu ce, amma ba ta gidansu ba. Abokinsa Tilek ya tafi sayo ruwa da ayaba, Omkar kuma, ɗan ajinsu ɗan gari, yana can gaba yana musu da kwandasta a kan kujerar gefen taga. Saboda haka babu wanda ya ga yadda fuskar Kubat ta sauya da ya ji muryar.

"Kubat ne? Ɗan Mamitbek?"

"Ni ne."

"Sagin ke magana, wan mahaifin Tilek. Yana kusa da kai?"

"A'a, Baffa, ya je sayen ruwa."

"To matsa inda ba zai ji ka ba."

Duk wanda aka haifa a At-Bashi, garinmu na cikin duwatsu, ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Kubat ya zagaya bayan wata mota, ya toshe ɗayan kunnensa da yatsa. Baffa Sagin bai ja zancen ba. Toktosun, mahaifin Tilek, yana ƙetare kogi da garken dawakinsa dokin da yake kai ya zame a kan ƙanƙara ya danne shi. Kafin a sauko da shi gari rai ya yi halinsa. An kafa bukkar ulu a ƙofar gida an kwantar da shi a ciki, ana jiran dangi daga birane masu nisa, Osh da Masko, jibi za a kai shi.

"Innalillahi," in ji Kubat. "Baffa, yau ɗin nan za mu nemi jirgi."

"Wa ya ce ku nemi jirgi? Saurara da kyau. Mun zauna da dattijai, mun yanke. Jarrabawarku ta kusa. In ya taho yanzu, karatun ya lalace, tallafin da aka ba shi ya tafi, shekara guda ta bi ruwa. Uban nan ba abin da yake tinƙaho da shi a duniya sai karatun yaron nan. Ba za a gaya masa ba sai ya dawo. Kai ne babba a cikinku, kai za ka kula da shi. In ya tambaya, uban ya haura makiyayar Ak-Sai ta kan duwatsu da garke, can babu waya. Ka ji ni?"

"Na ji, Baffa."

Abin da ya ce ke nan, don ba a koya masa wata amsar ba.

A wurinmu mutuwa ba labarin waya ba ce. Ba a faɗa wa ɗa yana shi kaɗai, ba a faɗa masa yana kan hanya, yaro kuma ba shi da bakin faɗa. Dattijai ke zaunar da mutum, su faro zancen daga nesa, a sa ƙarti biyu a gefensa su riƙe shi in ya zabura. Wanda ke nesa sai a ce masa jikin tsoho ya ɗan matsa, ya leƙo. Kowa ya san ma'anar wannan, kowa kuma yana yin kamar bai sani ba har ƙofar gida. Ni dai ban taɓa ganin wanda al'adar nan ta rage wa zafi ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi bin ta ba.

Kubat ya wanke fuska da ruwan famfon tashar, ya dawo ya tarar da Tilek yana ɗaga masa ayaba daga nesa kamar wanda ya ciwo gasar kokawa.

Su biyun ba wasu abokai ba ne a Bishkek, babban birnin ƙasarmu. Jami'a ɗaya suke, kwari ɗaya suka fito, iyayensu sun san juna a kasuwar dabbobi, shi ke nan. Indiya ce ta haɗa su. Aka turo su zangon karatu ɗaya tun farkon damina, aka jefa su ɗaki ɗaya mai fanka guda, barkono ya yi ta wahalar da cikinsu, kewar nama da shayi mai madara ta ishe su. Kafin wata ya zagayo sun koma cin abinci a kwano ɗaya. Tilek mai surutu ne, ɗa namiji tilo a tsakiyar mata huɗu, wanda aka shagwaɓa bai lalace ba. Kubat shiru-shiru ne, amma in ya buɗe baki a kan Tilek sai ya kwashe masa ƙafafu. Yininsu duka tsokana ne. Da hutun bikin fitilu na mutanen Indiya ya zo, Omkar ya ce zai kai su ƙauyen kakarsa a bakin teku, tun da ya gano cewa ƙarti biyu masu gemu ba su taɓa ganin teku ba, abin da ya yi mako yana yi musu dariya a kai.

"Kujerar taga guda ce," in ji Omkar da suka shiga mota. "Ku daku, ni ba ruwana."

"Zauna," Kubat ya ce wa Tilek.

Tilek ya dube shi. "Ni? Yau kuma? Ba ka da lafiya ne, ɗan tumaki?"

"Zauna dai."

Ya karɓi jakar Tilek ma ya ɗora masa a sama.

Motar ta fita gari ta kama hawan duwatsu, sannan ta fara gangara tana murɗawa. Duwatsun kore shar, babu ƙanƙara ko ɗigo, Tilek ya ce waɗannan ba duwatsu ba ne, tulin ciyawa ne. Ya yi ta zuba. Ya ce Baba ya ba shi aiki: ya ɗanɗana ruwan tekun ya gaya masa ko gishirinsa ya fi na tafkin Isik-Kul, kuma ya tambaya ko gaskiya ne doki ba ya shan sa. Ya kwaikwayi muryar tsohon, da yadda yake shafa gashin baki kafin ya yi tambaya. Omkar ya yi dariya har da hawaye. Kubat ya yi ƙoƙarin dariya, abin da ya fito bai yi kama da ita ba, sai ya ce motar ce ke juya masa ciki. Tilek ya ɓare masa lemo ya ce ya riƙa shinshina ɓawon.

Suka isa da la'asar. Gidan jan dutse ne a cikin itatuwan kwakwa, an jera ƙananan fitilun kasko a kan dakali, kakar Omkar, 'yar tsohuwa mai kaifin ido, ta tare su da ruwa a kofin ƙarfe. Tekun yana bayan gidan, ana jin sa kafin a gan shi. Da suka ɓulla kan yashi Tilek ya tsaya cak, surutun ya ɗauke. Can ya ce, a hankali, "Kubat, ba shi da ɗaya gefen." Ya ciro waya ya kira innarsa da hoto don ya nuna mata. Ba ta ɗauka ba. Ta kira shi daga baya da murya kawai, ta ce mura ta kama ta, layin ma ba kyau, ya kula da kansa, ta kashe.

Washegari da hantsi Omkar ya zagaya bayan gida ɗebo ruwa ya tarar da Kubat a bakin rijiya, ya dafa bango, kafaɗunsa na rawa. Kubat ya yi niyyar cewa ciki ne. Amma abin ya kwana yana cin sa, ga kuma mutumin da ba ɗan At-Bashi ba, wanda maganarsa ba za ta kai kunnen kowa ba. Sai ya faɗa masa.

Omkar ya ajiye guga. "Yaushe za a binne shi?"

"Gobe."

"Gobe? Kuma kuna nan kuna cin kwakwa? Kai, kana da hankali kuwa?"

"Manya sun hana."

"Manyan wa? Ubansa ne ko nasu? Mu nan, wallahi, ko a Amurka ɗan yake, ƙanƙara za a sa wa uban a jira shi. Ba wanda zai taɓa gawar sai ya zo." Ya ciro wayarsa yana latsawa da sauri. "Duba. Kawuna yana da mota a nan ƙauyen. In mun tashi bayan azahar za mu kai Mumbai, ya kama jirgin Delhi, daga can akwai mai zuwa wajenku da safe. Zai iya kaiwa. Da ƙyar ne, amma zai iya. Jarrabawa kuma ni zan je in kwanta a ƙofar ofishin shugaban sashe har sai sun ɗaga masa."

Kubat ya dubi wayar. Gaskiya ne, hanya tana nan, a rubuce. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali, don da ya fi son a ce babu.

Ya shiga cikin itatuwan ya kira Baffa Sagin. Ana ɗauka ya ji kukan mata daga cikin bukka, irin kukan nan mai waƙa da suke yi suna fuskantar bango, da hayaniyar maza a waje.

"Baffa, akwai jirgi. Zai iya samun jana'iza. Shi kaɗai ne namiji, Baffa, wa zai fara zuba masa ƙasa?"

"Kai yaro, ni za ka koya wa binne ɗan'uwana? Ka gaya masa?"

"Ban gaya masa ba."

"Ka faɗa masa a ƙasar mutane, ba babba ko ɗaya kusa, ya haukace a titi mota ta kwashe shi, sai ka kawo mana gawa ta biyu? Tsaya, ga uwarsa."

Muryar Inna Burul ta dushe har ba a gane ta. "Kubat, ɗana. Jiya na yi magana da shi, na cije na yi. Kai ma ka cije. Na rasa ɗaya, kar ka sa in rasa abin da ya bari. Amana na ba ka, ka kawo mini shi da takardarsa a hannu."

Me zai ce wa matar da mijinta ke kwance a bayanta? Ya ce to, Inna. Ya dawo bakin rijiya ya girgiza wa Omkar kai, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Omkar ya dube shi tsawon lokaci, ya ɗauki gugansa ya tafi.

Da rana tsohuwa ta ƙulla musu gurasar shinkafa da soyayyen kifi a ganyen ayaba, suka tafi da su bakin ruwa, suka zauna a inuwar wani kwalekwale da aka kife. Tilek bai taɓa abincin ba. Yana ta wasa da yashi, yana zuba shi daga wannan hannu zuwa wancan. Can sai ya juya harshe zuwa namu, wanda Omkar ba ya ji.

"Kubat, zan tambaye ka wani abu."

"Ina ji."

"Inna ba ta yarda in ga fuskarta. 'Yan'uwana mata, waɗanda ba sa barin wayata ta huta, tun jiya tsit. Na kira mijin yayata, ya ce yana tuƙi, alhali ina jin mutane a bayansa. Na ce ina Baba, kowa ya ce Ak-Sai. Bakinsu ɗaya, kamar an koya musu." Ya ɗago. "Duk wannan zan iya cewa ba komai. Amma kai. Ka ba ni taga. Ka ɗaukar mini jaka. Tun jiya nake kiran ka ɗan tumaki ba ka rama ba ko sau ɗaya. Yau da safe ka zuba mini shayi kafin ka zuba wa kanka."

"To laifi ne in mutum ya yi maka kirki?"

"Kar ka raina mini hankali. Na san aikin nan, na taɓa yin sa. Ni aka aika Bishkek na ɗauko ɗan gwaggona, ina ba shi labarin ƙwallo tun daga tasha har At-Bashi, uwarsa na kwance a bukka. Na saya masa abinci a hanya. Na ba shi taga. In wani abu ne, yanzu ne lokacin da zai yi mini amfani. Gobe ba shi da amfani. Kai abokina ne, ba baffana ba. Gaya mini."

Omkar ya daina tauna. Bai san kalmomin ba, amma ya san abin da ake tambaya, ya kuma zuba wa Kubat ido.

Kubat ya ji maganar ta taho har maƙogwaro. Kalma biyu ce kawai. Motar kawu tana nan, rana ba ta karkata ba tukuna. Sai muryar Inna Burul ta dawo masa, da fuskar mahaifinsa in aka ce ɗan Mamitbek ne ya yi wa dattijai gaban kansa, ya faɗa wa maraya mutuwa a bakin ruwa kamar mai ba da labarin kasuwa. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba, tsoron mutanen da ke nesa ya fi masa ƙarfi a kan tausayin wanda ke gabansa.

"Ba abin da na sani," ya ce. "Cikina ne ke damuna, shi ya sa ka ji ni shiru. Kai kuma ka cika zargi kamar tsohuwa."

Tilek ya ɗauki gurasa guda ya miƙa masa. "Riƙe. Rantse."

Mu ba mu wasa da gurasa. Ba a kife ta, ba a tsallake ta, in ta faɗi ƙasa ana ɗauka a sumbata. Mutumin da zai iya yi wa alƙali ƙarya ido da ido, in aka ɗora masa gurasa a hannu sai ka ga ya fara kame-kame. Tilek ya san haka, shi ya sa ya miƙa ta.

Kubat ya karɓa. Da ɗuminta.

"Gurasar nan ta ci ni in na san wani abu."

Tilek ya dube shi, ya dube shi, sannan ya saki wani dogon numfashi, ya faɗi rigingine a kan yashi ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe dariya yake yi, hawaye na gangara cikin kunnuwansa. "Kai, Allah ya isa tsakanina da kai! Na kwana ban runtsa ba saboda zawonka! Miƙo kifin nan." Ya ci nasa, ya ci rabin na Kubat. Omkar ya tashi ya bi bakin ruwa shi kaɗai har ya zama ɗan ɗigo.

A ranar da aka binne Toktosun, ɗansa ya shiga teku karo na farko. Ya tuɓe ya bar wa Kubat kayansa, ya shiga da gudu, igiyar ruwa ta maka shi da ƙasa, ya tashi yana tari yana ihu. Kubat yana zaune da riga da wando a cinyarsa, yana duban rana, yana lissafin inda aka kai a gida. Yanzu an fito da shi daga bukka. Yanzu mata sun biyo har bakin hanya an mai da su. Yanzu maza sun jeru a bakin rami, kowa ya damƙi ƙasa, an duba inda ɗa ya kamata ya tsaya, wani ya matsa ya tsaya a wurin.

"Ya fi Isik-Kul!" Tilek ya ƙwala daga cikin ruwa. "Nesa ba kusa ba! Shigo mana, matsoraci!"

Kubat ya ɗaga masa hannu, bai shiga ba.

Sauran kwanakin suka wuce yadda kwanaki ke wucewa. Suka koma Pune, aka shiga jarrabawa, Tilek ya yi karatu kamar ba gobe don ya kai wa Baba sakamako mai kyau. Inna ta warke daga murarta, 'yan'uwa mata suka koma turo saƙo, kowa ya iya aikinsa. Kubat ya koyi rama tsokana don kar a sake gane shi, kuma wannan ya fi masa komai ciwo. Ya rame. Gurasa ba ta wuce masa, sai shinkafa. Omkar bai tona ba, amma ya daina zuwa ɗakinsu in Kubat na nan. Ranar da za su tafi ya raka su tasha, ya rungume Tilek ya daɗe bai sake shi ba, har Tilek ya ce, "Kai, ba mutuwa zan yi ba, gida za ni." Da ya zo kan Kubat, ya ba shi hannu, ya matso kusa da kunnensa.

"Ka mai da ni irinka," ya ce. "Ba zan yafe maka wannan ba."

A Bishkek dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Suna fitowa daga filin jirgi suka ga Baffa Sagin da wasu dattijai biyu a tsaye da manyan riguna. Ba a aiko yaro ba, ba a aiko direba ba, dattijai uku ne suka yi doguwar tafiya don tarar ɗalibi. Tilek ya tsaya da akwatinsa. Ya dubi dattijan ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa, ina Baba?"

"Jikin ya ɗan matsa masa, yana gida yana jiran ka. Kubat, kai ma shigo, hanyarmu ɗaya."

Ba wanda ya ƙara tambaya. Aka sa Tilek a tsakiya a kujerar baya, Kubat a damansa, dattijo a hagunsa. Motar ta bi kwazazzabo, ta haura dutsen Dolon cikin farin hazo, dattijan suna zancen tsadar ciyawa. Wajen gangara Tilek ya lalubo hannun Kubat ya damƙe, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji.

"Ka gani ko? Har kai suka ɓoye wa. Gara da kana nan. Tare za mu ji."

Kubat ya matse hannun. Ya yi wa kansa alkawari cewa wannan maganar zai shiga kabari da ita.

Ana hangen hayaƙin ƙauyen Baffa Sagin ya ce a tsaya. Aka fito da Tilek a gefen hanya, a cikin ƙanƙara. Mafi tsufa a cikin dattijan ya cire hularsa, ya faro daga nesa, daga annabawa da suka tafi da kakanni da suka tafi, har ya iso inda kowa ya san zai iso. Tilek ya yi wata ƙara da Kubat bai taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Suka riƙe shi, ya fizge, ya nufi gida da gudu yana kiran Baba, Babana, yadda ɗa ke isowa gidan mutuwa, mata suka amsa masa da kuka daga ciki. Sai a ƙofar gida ya ji cewa ba jiya ba ne, ba shekaranjiya ba, sadakar arba'in ma ta kusa. Aka kai shi maƙabarta. Ƙasar kabarin ta daskare kamar dutse, ya yi ta ƙwaƙule ta da farce bai samu ko cikin tafi ba.

Da yamma aka shimfiɗa abinci a babban ɗaki. An yanka tunkiya saboda dawowar ɗa, maƙwabta sun cika, liman ya yi karatu aka shafa. Tilek yana zaune kusa da ƙofa, inda mai gida ke zama, don yanzu shi ne mai gidan. Idanunsa sun kumbura. Da Kubat ya nemi wuri a can ƙasa cikin samari, Tilek ya jawo shi ya zaunar da shi kusa da kansa.

Aka kawo nama, Baffa Sagin ya shiga rabo, kowa da ƙashinsa gwargwadon girmansa. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, akwai wanda ban gode wa ba. Ana cewa yaran yanzu ba su da ciki, abin da suka ji da safe kafin azahar yana cikin waya. To ga ɗan Mamitbek. Tun ranar da abin ya faru na kira shi na gaya masa. Yaron nan ya kira ni yana kuka, wai akwai jirgi, na ce a'a, ya ce to. Ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, fiye da wata guda, bai bari ko alama ta fita ba. Namu ya gama jarrabawarsa lafiya, ga shi ya dawo. Wannan ba aikin yaro ba ne. Burul, kawo rigar."

Ɗaki ya ɗauka da sa albarka. Inna Burul ta shigo da babbar rigar sanyin marigayi, ta fatar tunkiya, irin kayan mamaci da ake ba wanda ya yi wa gida hidima. Baffa Sagin ya taso da kansa ya yafa wa Kubat a kafaɗa. Tana da nauyi, tana warin doki da hayaƙi. Aka ajiye masa ƙashin cinya mai nama, wanda ake ba manyan baƙi.

Kubat bai iya juyawa ba. Yana jin Tilek a gefensa, gwiwa na taɓa gwiwa, sai ya ji gwiwar ta janye.

"Akwai jirgi?" in ji Tilek. Ba Kubat yake tambaya ba, kuma ba da ƙarfi ya yi ba.

"An wuce wannan, ɗana," Baffa Sagin ya ce. "Ci abinci."

Ƙanwar Tilek tana bakin tukunyar shayi tana zuba wa baƙi, kaɗan-kaɗan a gindin kofi kamar yadda aka saba, don baƙon da ake so ya daɗe ba a cika masa, ana ta ƙara masa ne. Wanda aka cika wa kofi ya san an ce ya sha ya kama hanya. Tilek ya miƙa hannu ya karɓi butar daga hannunta. Namiji ba ya zuba shayi mata na zaune, don haka hira ta tsaya, aka zuba masa ido. Ya ɗauki kofin Kubat ya fara zubawa. Ya wuce rabi bai tsaya ba. Ya zuba har ya kai baki, har ya ɗan malalo a kan yatsunsa, bai ko motsa ba. Ya miƙa da hannu biyu, cikin ladabi, kansa a sunkuye, yadda ake miƙa wa baƙon da ba a sani ba.

"Tilek," in ji innarsa daga bakin ƙofa.

"Bismilla, ɗan Mamitbek," Tilek ya ce. "Hanya da nisa, ga duhu na shigowa."

Kubat ya karɓa. Shayin yana ƙona masa hannu, ya kafa kai ya shanye shi duka, ɗakin na kallo. Ya miƙe da rigar mamacin a kafaɗarsa, don ba a mayar da ita, ya tsallaka zuwa ƙofa, ya tsuguna yana neman takalminsa a cikin tulin takalman mutane. Ya daɗe yana nema, babu wanda ya fito raka shi.